Kwamfutar da Ta Mayar da Alu Ƙulu

Duk wanda ya saba wucewa ta bakin Mairie, wato ofishin magajin gari, a unguwar Adjamé ta Abidjan ya san Alu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, kamar sikelin ɗan kasuwar da ba ya tsoron Allah. Ba haka aka haife shi ba. Kwamfuta ce ta yi masa wannan gyaran, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin, yana yi yana dariya har hularsa ta karkace ta bi kafaɗar.

Mahaifinsa, Malam Ibrahimu, daga Kano ya zo fataucin goro da niyyar ya yi damina ɗaya ya koma. Daminar nan ita ce ta kai shi ga aure a unguwar Bromakoté, ta ba shi 'ya'ya, ta kuma raka shi makabarta. Alu bai taɓa ganin Kano ba sai a bakin mahaifinsa, amma idan aka tambaye shi asalinsa yakan ce shi Bakano ne kafin mai tambaya ya rufe baki. Matsalar ɗaya ce, ita ce Hausarsa. Mu 'ya'yan Adjamé sai a yi haƙuri da mu. Jimlarmu takan fito daga gida da babbar riga da hula, kafin ta kai bakin titi ta sa kwat ta koma Faransanci, ta dawo da yamma tana Julanci, ita kanta ba ta san gidan da ta fito ba. Alu yana daga cikin masu dama-dama, don yana iya kai zance har ƙarshe da Hausa in an ba shi lokaci, amma idan ya yi tuntuɓe da dutse, da Faransanci yake zagin dutsen.

Da ya bar makaranta sai aka kai shi wurin Mushe Kouadio, wani tsoho mai buga wa mutane takardu da tafireta a gindin katangar Mairie. Kada mutanen gida su tsorata, a nan "mushe" girmamawa ce. Tsohon yana da doka ɗaya tak: mai buga takarda ba ya kallon hannunsa. Yakan ce kaza ce take kallon abin da take tsattsaga. Sai ya yanko kwali ya ɗaura wa Alu a ƙarƙashin haɓa, yadda ko ya sunkuya ba zai ga yatsunsa ba. Haka ya koya, har ya zama yana buga takarda idonsa na kan fuskar mai ita. Tsohuwa tana ba da labarin yadda ɗanta ya yi watsi da ita, Alu yana kallonta yana gyaɗa kai, yana cewa "yako, Mama", wato sannu, yatsunsa kuma suna can suna ta ruwa kamar ba nasa ba. Idan ya gama sai ya zare takardar ya miƙa ba tare da ya duba ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. Wasu suna da gida, wasu mota, shi kuwa yana da yatsun da ba sa neman ido.

Da zamanin tafireta ya wuce sai ya sayi kwamfuta, irin wadda Turawan Faransa suka gama moriyarta suka yi mata sallama. Wai ita ma ta tafi-da-gidanka ce. Gaskiya ne, don nauyinta da na gida ba su da nisa. Ya sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta tashi da wuri, in ta tashi sai ta yi nishi, in rana ta yi zafi sai an yi mata fifita, kuma batirinta ya rasu tun da daɗewa, ba ta iya ko numfashi sai an jona ta da wuta. Cajarta kaɗai ta kai bulo. Kullum da safe Alu zai saɓo su daga Bromakoté zuwa Mairie, da yamma ya saɓo su ya mayar, shekara da shekaru, har kafaɗa ta sallama. Telansa ma ya daina aunawa, ya san inda zai rage.

Bai san komai a cikin Gwaggo ba sai wurin rubutu da wurin aika takarda ga firinta. A wurinsa tafireta ce da aka sa wa fitila.

To, sai kasuwa ta fara ja da baya. Kowa ya sami waya, kowa ya zama akawun kansa. Masu neman aiki suka daina zuwa, masu kai ƙara suka ragu, masoya kuwa tun tuni suka gano ba sa bukatar ɗan tsakiya. Aka bar Alu da laimarsa da benci, da 'yan tsofaffi, da kuma fataken Najeriya waɗanda Faransanci yake yi musu kamar kukan tsuntsaye. A cikinsu akwai Alhaji Badaruddeen, Bakano na gaske, wanda ke shigo da filas da fitilu masu caji ta tashar jirgin ruwa, yana da sito a Treichville. Dattijo ne mai magana a hankali, irin waɗanda ba sa ɗaga murya saboda ba su taɓa bukata ba.

Wata Litinin Alhaji ya zo da kansa, ya zauna a bencin, ya jira Gwaggo ta gama nishinta.

"Malam Alu, ina son mutum a kusa da ni," in ji shi. "Ina yawan bin hanya, Lome, Kwatano, Legas, har gida. A kowace iyaka sai an yi min Faransanci an karɓi abin da aka ga dama. Ina son wanda zai rubuta, ya karanta, ya yi magana da 'yan kwastan. Asabar zan tashi. Za ka iya?"

Kalma ɗaya Alu ya ji a duk zancen, ita ce "gida". Ya ce zai iya tun kafin ya tambayi albashi.

"Sai dai wannan baiwar Allah ba za ta bi mu ba." Alhaji ya nuna Gwaggo da carbi. "A mota za mu yi aiki, a kan cinya, wani lokaci a tsaye a gaban tagar kwastan. Ina za ka sami wutar jona ta? Ka nemo ƙarama, mara nauyi, mai riƙe caji. Ka zo da ita sito ranar Alhamis mu gwada."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Bushira, ba ta yi guɗa ba. Ita mai sayar da atamfa ce, ta san kasuwa fiye da shi, ta kuma san mijinta fiye da kasuwa.

"Baban Yasmin, kasuwar Black za ka je?"

"Ina kuma? Manyan kantunan Plateau zan je in sayi sabuwa da kuɗin uban wa?"

"To ka gwada kafin ka biya. Ko tukunya sai an ƙwanƙwasa."

"Maman Yasmin, ni za a koya wa inji?"

"Ban ce a koya maka ba. Na ce ka ƙwanƙwasa."

Washegari ya saɓi Gwaggo a karo na ƙarshe ya shiga Black Market, inda mutum zai iya sayen wayar da aka sace masa da safe kafin azahar, in ya iya ciniki. Ya kutsa tsakanin masu wanduna da masu rediyo har rumfar Sadi, wani ɗan unguwarsu da ya girma a gabansa, yanzu yana sayar da kwamfutoci na hannu yana kuma gyarawa. Sadi Bahaushe ne a suna da sallah, amma bakinsa na titin Abidjan ne.

"Vieux père," in ji Sadi, wato baba a yarensu na titi, "yau Gwaggo ce ba lafiya ko kai?"

"Aurar da ita na zo yi. Ina son yarinya, siririya, wadda ba ta cin wuta."

Sadi ya yi dariya ya fito da guda uku ya jera. Ya fara bayani irin na masu sana'a. Ya ce mai tafiya abu huɗu yake dubawa: nauyinta haɗe da na cajarta, don wata siririya ce amma cajarta jaki, yadda batiri yake riƙe wuta, ƙarfin mahaɗin murfin, saboda buɗewa da rufewa a mota yake kashe su, sai kuma girman fuska, kada ta yi ƙanƙanta har mutum ya koma kanne ido. Alu yana ji kamar mai jin huɗubar da ya riga ya haddace. Shi abu ɗaya ya zo nema. Ya ɗauki ta farko, ƙarama ƙwarai, ya ga yatsunsa biyu sun rufe rabin maɓallanta, ya ajiye ya ce wannan ta 'yan makaranta ce. Ya ɗauki ta biyu, baƙa, mai ɗan kauri, da tabo a murfi.

"Wannan daga Faransa ta zo," in ji Sadi. "Ita ce daidai da kai."

Maganar ba ta yi wa Alu daɗi ba, ko da yake bai san dalili ba. Ya miƙa hannu ga ta uku. Fara ce kamar azurfa, siririya kamar faifan tuwo. Ya tattara ƙarfin da ya saba ɗaga Gwaggo da shi ya ɗaga ta, sai hannunsa ya tashi sama har ya kusa dukan kwanon rumfar. Ya riƙe ta da yatsa biyu. Ya sa ta a hammata ya yi taku uku ya dawo. Kafaɗarsa ta dama, wadda ta yi shekaru ba ta ji daɗin duniya ba, ta yi ajiyar zuciya.

"Ita kuma daga ina?"

"Ta Legas ta biyo. Irinta manyan Kano suke riƙewa."

Shi ke nan, an gama da Alu. Ya riga ya ga kansa yana sauka a Kano da ita a hammata, 'yan'uwan mahaifinsa suna cewa ai jini ba ya ɓuya. Sadi ya kunna ta, ya nuna masa batiri a cike, ya nuna masa fuska tas, ya buɗe murfi ya rufe don ya ji ba ya ƙara.

"Amma vieux père, clavier ɗinta fa, ka san ba irin..."

"Kai, Sadi." Alu ya ɗaga hannu. "Ni za ka yi wa karatun maɓallai? Ina buga takarda tun uwarka tana goya ka ta wuce ta gaban teburina. Naɗe min."

Sadi ya buɗe baki, ya dubi furfurar da ke gemun Alu, ya rufe. Aka yi musaya, Gwaggo da cajarta suka zauna, Alu ya yi ciko ya fita da amarya. A gida ya jona ta ta sha wuta, ya goge ta da gefen rigarsa, ya hana kowa taɓawa. Bushira ta tambaya ko ya ƙwanƙwasa. Ya ce ya ɗaga ta da yatsa biyu, me ya rage?

Ranar Alhamis ya sa shaddarsa ta sallah, ya shiga motar hayar gbaka, ya sauya zuwa tasin woro-woro, ya haye gada zuwa Treichville. A siton Alhaji ya tarar da fatake sun shimfiɗa tabarma tsakanin katan-katan na filas suna shan shayi. A cikinsu akwai Labaran, abokin cinikin Alhaji, dogo mai baki kamar reza, wanda tun da daɗewa yake kiran Alu "Bafaranshen Bromakoté".

Alu ya zaro kwamfutar da yatsa biyu, yadda kowa zai gani. Aka yi ta sha'awa. Alhaji ya auna ta a tafin hannu ya gyaɗa kai.

"Madalla. To rubuta wa ƙanena a Kano, da Hausa, ya san muna tafe."

Alu ya ɗora ta a cinya, ya buɗe wurin rubutu, ya ɗora yatsunsa, sannan ya ɗaga kai ya kafa wa Alhaji ido, da ɗan murmushin nan nasa na gwani. Alhaji yana faɗa, yatsu suna gudu. Sallama, gaisuwa, labarin kaya, katan ɗari biyu na fitila da za su biyo baya, ranar tashi. Maɓallan suna da laushi kamar ana taɓa kitse. Alu har ya sami sukunin juyawa ya dubi Labaran, ya ɗaga masa gira, yatsu ba su tsaya ba. Da aka gama ya sa sunan Alhaji, ya sa nasa a ƙasa a matsayin mai rubutawa, ya juya fuskar kwamfutar ga jama'a ba tare da ya duba ba, kamar yadda Mushe Kouadio ya koya masa.

Alhaji ya ciro tabarau ya sa. Ya cire ya goge ya mayar.

A saman takardar an rubuta: Qssqlq;u qlqiku;

Duk inda harafin A ya kamata ya zauna, Q ce ta yi zaman dirshan. Kuma ku duba Hausa ku gani, in an cire mata A me ya rage? Kano ta zama Kqno. Kaya sun zama kqyq. Katan ɗari biyu kuwa ko lamba ɗaya ba su samu ba, sai wata alama mai kama da dodon koɗi da baka biyu a bayanta. Abin da Sadi ya so ya faɗa ke nan. Maɓallan ƙasashen Faransanci da na ƙasashen Ingilishi ba jeri ɗaya ba ne. Inda yatsan Alu ya san gidan A tun yana saurayi, a wannan injin gidan Q ne. Yatsunsa ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Faransanci suka taka, injin kuma ya amsa da Ingilishi.

Labaran ya matso ya leƙa. Mutanen Kano kuwa sun saba a waya, in ba su sami ƙ mai lanƙwasa ba sai su sa q a madadinta. Don haka shi bai ga shirme ba, karatu ya gani. Ya gyara murya kamar mai sanarwa a masallaci.

"Saƙo daga Ƙilhiƙji Biƙdiƙruddin." Ya dubi Alhaji. "Allah ya ja zamanin Ƙilhiƙji." Ya sauke yatsa ƙasa inda Alu ya sa sunansa, haruffa uku, Qlu. "Mai rubutawa kuma, Ƙulu. Sannu da aiki, Malam Ƙulu."

Wani ya ƙware da shayi. Wani ya kwanta a kan katan yana riƙe ciki. Alu ya juyo da injin ya duba, karo na farko a rayuwarsa da ya duba aikinsa a gaban mai shi. Abin da ya fito daga bakinsa kuma, don ƙarin wulaƙanci, Faransanci ne.

Alhaji bai yi dariya sosai ba, gemunsa kawai ya motsa.

"Malam Alu, ni ban san laifin waye ba, kai ko ita. Amma takardar da za a miƙa wa kwastan ba ta son wasa. In lamba ta zama dodon koɗi a iyaka, kayana sun kwana."

"Ai Alhaji, na gaya maka," in ji Labaran. "Ɗan ƙanwata yana nan zaune, ya yi Faransanci a Yamai, kuma yana kallon abin da yake rubutawa."

"Gobe bayan Juma'a," in ji Alhaji, yana duban Alu. "Ka dawo da ita ko da wata. In ta rubuta sunana daidai, mu tafi. In ba haka ba, ba na jin kunyarka, kai ma kada ka ji tawa."

Da la'asar Bushira ta dawo daga kasuwa ta tarar da mijinta a tsakar gida, ya sunkuya a kan injin, hancinsa ya kusa taɓa maɓallai, yana neman harafi da yatsa ɗaya. Ya sami A, ya danna. Ya tafi neman M, ya same ta a wata unguwa. Da ya ɗan saki jiki sai yatsun su koma hanyarsu ta da, Q ta sake cika fili.

"Wa ya saki kaza a gidan nan?" in ji ta.

Ta ajiye ƙullin atamfofinta, ta tsaya a kansa, ta ji labarin daga farko har Ƙulu. A nan sai da ta juya baya ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

"Ni dai wayata, in ta fara yi min gardama da wani yare, yaren ake sauya mata."

"Waya daban, kwamfuta daban. Wannan a jikin ƙarfen aka rubuta."

"To koma wurin Sadi."

"In ce masa me? Yaron da na rufe wa baki a gaban mutane?"

"Ka ce masa ka zo ya ƙarasa maganarsa. Baban Yasmin, Gwaggo ta tafi, bencin Mairie ba kowa. In girman kai yana dafuwa, kawo in ɗora."

Da safe ya koma Black. Ya yi ta zagaye rumfar Sadi yana duba wandunan da ba zai saya ba, har Sadi ya gaji ya kira shi. Alu ya fara da dabara, ya ce ya sake tunani, baƙar nan ta Faransa ta fi dacewa da shekarunsa. Sadi ya ce an saye ta jiya. Ya ce to a dawo masa da Gwaggo. Sadi ya nuna masa wani kwali a ƙarƙashin tebur. An riga an yi wa Gwaggo fiɗa, fuska a gefe, hanji a gefe. Alu ya yi mata addu'a a zuci.

"Me ya faru, vieux père?" Sadi ya tambaya, da fuskar marar laifi.

"Rannan kana wata magana a kan clavier."

"Ni? Ai ina goye a bayan uwata, me na sani?"

"Sadi."

"Na'am."

"Ka sauko daga bayan nata ka ƙarasa."

Sadi ya yi dariya har ya dafa tebur. Sannan ya jawo injin, ya shiga wani lungu da Alu bai taɓa sanin akwai shi ba, ya taɓa nan ya taɓa can, bai kai tsawon shan kofin shayi ba ya turo masa.

"Rubuta. Kada ka kalla."

Alu ya ɗora yatsu, ya kafa wa Sadi ido, ya rubuta sunansa. Ya sauke ido a hankali kamar mai leƙa rijiya. Alu. Ya rubuta sallama, ta fito da A ɗinta cif. Ya rubuta ɗari biyu, lambobi suka tsaya a kan ƙafafunsu.

"Me ka yi mata?"

"Na gaya mata Faransanci kake ji. Abin da aka zana a kan maɓallai fenti ne kawai, ita abin da aka faɗa mata a ciki take bi." Ya jawo wata takarda mai ƙananan haruffa masu gam. "Bari in liƙa maka waɗannan a kai, fuskarta ta dace da cikinta."

Alu ya dubi haruffan, ya dubi injin. Fara, siririya, ta biyo ta Legas, duk wanda ya gan ta zai rantse 'yar Kano ce, a ciki kuwa Faransanci zalla.

"Bar ta haka," in ji shi. "Na san wani mai irin halinta, kuma ba a liƙa masa komai ba."

Bayan Juma'a ya isa Treichville. Labaran ya hango shi tun daga ƙofa ya ce a ba Malam Ƙulu wuri. Alhaji ya sake faɗar saƙon jiya, ya ƙara da wata takarda ta Faransanci zuwa ga masu fitar da kaya. Alu ya buga yana kallon Alhaji. Amma da ya gama, kafin ya juya fuskar injin, sai ya saci kallo, Allah ya jiƙan Mushe Kouadio ya kuma yafe masa. Komai daidai. Alhaji ya karanta Hausar da kansa har ƙasa, ya sa aka kira wani maƙwabci ya duba Faransancin, ya ce ba gyara.

"To jiya aljanu ne?" in ji Labaran. "Kawo in gani. Ai in ta gyaru kowa ma zai iya."

Ya karɓa, ya sunkuya, ya nemo maɓallin da aka zana wa A da dogon yatsansa, ya danna. Q ta fito. Ya goge ya sake. Q. Ya nemi M, ta ba shi waƙafi. Alhaji ya ce a ba shi, ya sa tabarau, ya bi haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya yana kallon kowanne da kyau, ya ɗaga kai ya duba abin da ya rubuta da hannunsa: Qlhqji.

Wannan karon Alhaji ya yi dariya har da hawaye.

"Labaran, ɗan ƙanwarka da yake kallon abin da yake rubutawa, ai wannan sai ta haukata shi." Ya miƙa wa Alu injin da hannu biyu. "Riƙe abarka. Ba ta jin maganar mai ido. Gobe da hantsi a tasha, kada ka makara."

Haka Alu ya sami aikin, kuma yana kansa har yanzu. Ya ga Lome, ya ga Kwatano, ya yi faɗa da 'yan duwan, wato kwastan, injin na kan cinyarsa, ya kuma ga Kano. Sunan ya riga shi isa, don Labaran ba ya barin alheri ya kwana. A bakin kasuwa yaran shagon Alhaji suka tarye shi da "sannu da zuwa, Baba Ƙulu", 'yan'uwan mahaifinsa kuma, da aka nemo su, suka rungume shi suka yi kuka, sannan suka tambayi Alhaji a gefe ko baƙon yana jin Hausa sosai. Alu ya ji su. Ya ce yana ji, fentin ne kawai ya ɗan goge.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. A tafiyar farko, tun daga Adjamé har iyakar Gana, bai sami sukuni ba. Jakar ba ta da nauyi, don haka kowane ɗan lokaci sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka an yanke ta an zare injin, ya buɗe ya duba ya rufe. Kafaɗar da ta saba da wahala ta ƙi yarda cewa ana iya cin abinci ba tare da ita ba. Da suka dawo sai ya wuce Black, ya roƙi Sadi tsohuwar cajar Gwaggo, wadda ba ta shiga jikin komai a duniya yanzu, ya jefa ta a ƙasan jakar.

Bushira ta gani tana shirya masa kaya, ta ɗaga ta da hannu biyu.

"Baban Yasmin, ba saboda nauyi ka rabu da Gwaggo ba?"

"Mayar da ita," in ji Alu. "In ban ji ana ja na ƙasa ba, sai in ga kamar ba ni da aikin yi."